Rumfa Mai Naɗewa a Gidan Tarihi: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mana a Kaduna

Duk inda muka sauke kayanmu, ko a harabar makaranta ko a zauren taro, kafin mu gama kafa su tambayoyi sun fara zuwa. Wasu daga shugabannin makarantu, wasu daga iyaye, wasu daga ma'aikatan gidajen tarihi, har da kafintocin da suka yi mana aikin. Mu 'yan kaɗan ne, malaman zane da na tarihi a nan cikin garin Kaduna, kuma ni aka ɗora wa rubuta amsoshin. Inda magana ta zama ra'ayina ni kaɗai, zan faɗa.

Wai mece ce wannan rumfa mai naɗewa?

Alluna ne marasa nauyi, duk girmansu ɗaya, an haɗa su gefe da gefe yadda za a buɗe su su tsaya da ƙafarsu, a kuma ninke su a jingine a lungu in an gama. Kowane allo falle muke kiransa. Falle uku in suka haɗu an sami bango mai lanƙwasa. Shida za su ba da ɗan ɗaki. Sha biyu kuwa sai ka ga lungu da saƙo, yara na shiga ta nan suna ɓullowa ta can. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne duk fallen da ka ɗauka zai zauna a gurbin ɗan'uwansa, ba sai an nemo mai lamba kaza ba.

Fuskar kowane falle da aikinta. Wani an shafe shi da baƙin fenti don rubutun alli, wani an ɗaure masa farin yadi, wani ragar igiya ce ta saƙa, wani aljihuna ne da tela ya ɗinka, wani kuma taga kawai aka huda masa. Ba kowace irin wannan haɗaɗɗiyar ke da rufi ba. Yara ne suka fara ce mata rumfa, sunan kuma ya bi ta.

Ba kallo ake zuwa yi gidan tarihi ba? Me ya kawo zane da ƙere-ƙere ciki?

Duk malamin da ya taɓa raka ɗalibai ziyara ya san yadda take kasancewa. Yara arba'in a layi, hannaye a baya, mai jagora na bayani a gaba, na baya ba sa ji. Kalmar da suka fi ji ranar ita ce "kar ka taɓa". A koma makaranta a tambaye su abin da suka gani, sai ka ji labarin motar da ta kai su da abin da suka ci a hanya.

Ba ni da ja da dokar hana taɓawa. Kaduna tana da kayan da suka cancanci a tsare su. Gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu tun 1975 aka buɗe shi, a ginin da jam'iyyar NPC ta yi amfani da shi a da. Arewa House da ke titin Rabah, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna, tun 1970 ta zama cibiyar bincike da adana takardun tarihi a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Kan mutum-mutumin yumɓu na mutanen Nok, wata tsohuwar al'umma ta wannan yanki, da ya haura shekara 2,000 a duniya, in ya faɗi ya tafi ke nan. To amma yaro da hannu yake fahimtar abu. In aka ɗaure masa hannu awa biyu, an ɗaure rabin hankalinsa. Rumfar nan wuri ce da ake ware wa hannu, kusa da kayan tarihin amma ba a jikinsu ba: ya kalli na cikin gilashi, ya juyo ya gwada yin nasa.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. A Burukilin ta Amurka an buɗe gidan tarihi na yara tun 1899. A 1969 masanin kimiyya Frank Oppenheimer ya buɗe Exploratorium a San Faransisko, inda kusan komai an yi shi ne don a taɓa a juya a gwada. Ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, da ta sabunta ma'anar gidan tarihi a taronta na birnin Firag a 2022, ta saka shigar al'umma cikin aikin a cikin ma'anar kanta.

Ai wannan dabarar Turawa ce. Za ta karɓe mu kuwa?

Wannan tambayar ita ce na fi son amsawa. Wanda ya tashi a ƙauye ya ga yadda ake jinka: a ƙasa ake ɗaure ta, a baibaye ta, sannan a kira maƙwabta a ɗaga a ɗora wa ɗaki. Daga nan muka sami karin maganar hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zana fa? Saƙa ta ake falle-falle, a naɗe a ɗauko a ka, a kafa dirkoki a kewaye gida. In ɗaya ta ruɓe a cire ta ita kaɗai a sa sabuwa. Asabari da safe a naɗe shi, da rana a sake shi. Bafulatana a ruga kan kwance bukkarta ta ɗora kayan a kan bijimi, inda aka yada zango ta sake kafa ta kafin dare. Laimar sarki buɗewa take ta rufe. Katakon ɗora Alƙur'ani, wanda ake sassaƙawa daga itace guda ya buɗe ya ninke ba ƙusa ko ɗaya, yana cikin gidajenmu da masallatanmu. Masu hayar kanofi na biki kuma kullum a kan idonmu suke kafa rumfar mutum ɗari su kwashe ta kafin magariba.

Har ƙarfe ma muna da misali a cikin gari. Gadar ƙafa ta Gwamna Lugga da ke lambun Gamji a Zungeru aka fara kafa ta a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo ta Kaduna aka sake haɗawa.

Na waje sun ƙara mana lissafi ne da sababbin kayan aiki. Mutanen Japan suna da labulen katako da takarda mai ninkewa tun ƙarnoni. Wani masaninsu, Koryo Miura, ya fito da wata irin ninkewa da ake buɗe babban falle da ja ɗaya, har aka gwada ta a sararin samaniya a 1995. Mai tsara gine-gine Shigeru Ban ya yi wa 'yan gudun hijira a Ruwanda matsuguni da bututun takarda, bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011 kuma ya raba wa iyalai ɗakuna a cikin manyan zauruka da bututun takarda da labule. A 2014 aka ba shi kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu tsara gine-gine. Muna karanta aikinsu muna ƙaruwa. Amma ranar da na je yi wa wani dattijon kafinta bayanin abin da muke so, ina ta zane a takarda, sai ya dakatar da ni ya ce, "Malam, zana kake nufi, ta katako." Na ce, "Ita ce, Baba." Bayanin ya ƙare a nan.

Da me ake yin ta?

A nan muka yi babban kuskurenmu na farko. Mun ɗauka ƙarfi shi ne komai, muka sa aka yi mana da filawud mai kaurin milimita 18, cikakken falle mai ƙafa 4 da ƙafa 8. Kowane ɗaya ya kusa kilo 30. Sai da a-kori-kura ake ɗaukarsu, sai da ƙarti huɗu ake sauke su, a wata makaranta kuma suka ƙi hawa bene, muka yi darasin a tsakar rana a watan Maris. Abin da ya fi damuna ranar shi ne yaran tsayawa suka yi suna kallon manya na haɗa musu. Abin da muka gudu shi muka sake kawowa.

Yanzu filawud mai milimita 6 muke saye, a raba falle ɗaya gida huɗu, kowane ƙafa 2 da ƙafa 4, a kewaye shi da siririn katako don kar ya lanƙwashe. Ba a asarar ko yanki, kuma 'yan aji huɗu su biyu suna ɗaukar ɗaya suna hira. Ma'auninmu ke nan: in yara biyu ba za su iya ɗauka ba, ya yi nauyi.

Akwai wasu hanyoyin. Gwangwala da gora ba su da nauyi, ga araha, kuma masu yin gado da kujeru da su sun san hannunsu. Kara yana yin aikin mako ɗaya ko biyu, yara kuma sun saba da shi tun daga motar kara. Kwalin firji da na talabijin, in aka manna biyu ko uku, yana tsayawa fiye da yadda ake zato. Wanda ke son abin da zai shekara goma yana yawo, ya je kasuwar Panteka a yi masa firam na alminiyam ko siririn bututun ƙarfe, tela ya ɗinka masa yadin da za a zura. Ni dai na fi son katako da yadi, don duk unguwar da ka je akwai mai gyara su.

Ba za ta faɗo wa yara ba?

Allo miƙaƙƙe shi ke faɗuwa. In aka kafa shi a karkace, falle ɗaya ya yi nan ɗaya ya yi can kamar haƙoran zarto, kowane na tokare ɗan'uwansa. In aka rufe shi ya zama kusurwa uku, ya fi kowane tsari tsayuwa, domin kusurwa uku ba ta sauya siffa sai an karya gefe ɗaya. Ba ma ɗora falle a kan falle in da ƙananan yara. A waje kuma muna ɗora buhunan yashi a ƙafafun, saboda iskar hadari ba ta sallama.

Hatsarin da ya fi faɗuwa yawa shi ne matse yatsa. Ya taɓa faruwa da mu. Wata yarinya 'yar aji uku ta sa yatsa a tsakanin falle biyu daidai lokacin da wani yaro ya tura ɗayan, hinjin ƙarfe ya datse ta. Farcen bai cire ba, Allah ya kiyaye, amma ta yi kuka sosai, kuma ba ta sake matsowa kusa da rumfar ba har muka tashi. Ni na kai ta wurin mahaifiyarta na ba da haƙuri. Tun daga ranar muka cire hinjin ƙarfe gaba ɗaya. Yanzu da tsirin fata ko yadi mai kauri muke haɗa su daga sama har ƙasa, yadda ba ramin da yatsa zai shiga. Duk gefe a goge shi da samfefa, duk kan ƙusa a nutsar da shi.

Sai fenti. A nemi na ruwa wanda aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa ba dalma a ciki. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma yaro komai baki yake kaiwa. Kar a kafa rumfa ta toshe ƙofar fita, kar kuma a kusantar da ita da janareto ko wuta.

Takamaimai me yaran ke yi a ciki?

Wanda ya fi karɓuwa shi ne taswirar gari. Muna jera falle takwas masu farin yadi, mu ja shuɗin layi ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan mu ce wannan kogin Kaduna ne, saura naku. Da farko shiru. Sai wani ya zana gada. Daga nan 'yar Kawo ta nemi inda za ta sa gidansu, ɗan Barnawa ya ce ai su ƙetare suke, na Rigasa ya ja layin dogo har ya fita daga yadin, na Tudun Wada da na Sabon Tasha su yi ta gardamar wa ya fi nisa da Kasuwar Barci. A nan malamin tarihi ke samun ƙofa: me ya sa gari ya zauna a bakin wannan kogi, me ya sa Turawan mulki suka baro Zungeru suka mai da nan hedikwatar Arewa a 1917, me jirgin ƙasa ya kawo.

Wata rana wani tsoho da ya zo ɗaukar jikansa ya tsaya a bakin taswirar ya daɗe. Ya ce, "Ɗana, ina Kakuri a nan?" Ba wanda ya zana ta. Aka miƙa masa alkalami, ya zana dogon gini da bututun hayaƙi, ya ce nan ya yi aikin masaƙa tun yana saurayi. Masaƙar farko a Kakuri a 1957 ta fara aiki, yawancin yaran kuma ba su taɓa jin cewa Kaduna ta yi suna da yadi ba. Suka zauna a tabarma, ya ba su labarin jiniyar canjin aiki da kekunan ma'aikata da ke cika titi. Jikan nasa ya rubuta sunan unguwar a ƙarƙashin zanen, da boko da ajami.

Akwai kuma aikin yumɓu, inda muke ba su labarin yadda masu haƙar kuza suka fara tsintar kayan Nok a 1928, a yankin da yanzu ke ƙaramar hukumar Jaba, da yadda Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya gane muhimmancinsu a 1943. Akwai saƙa a ragar igiya, da zanen dagi da aska takwas, da gwada bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, irin na masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, da kara da laka. Haɗa rumfar kanta darasi ne: sai sun yi shawara, sun auna, sun yi saɓani sun shirya.

Mu makarantar Islamiyya ce. Za a sa yaranmu yin mutum-mutumi?

A'a, ba a tilasta wa kowa. Muna tambayar makaranta tun kafin mu zo, abin da malamanta suka ce shi muke bi. Hukunci nasu ne, ba namu ba. Aikin da ba sura a cikinsa yana da yawa: tukunya da tulu, zayyana, rubutun ajami, adon bango, taswira, saƙa, rini. Su kansu mutanen Nok tukwane sun yi, ƙarfe kuma sun narka, don haka ana koyar da tarihinsu ba tare da an ƙera kai ba. Garin nan na Hausawa ne da Gbagyi da Bajju da Atyap da Ham da Adara da wasu da dama, Musulmi da Kirista, kuma mun ga yaransu sun durƙusa a kan yadi ɗaya suna rabon alli.

Ni ma'aikacin gidan tarihi ne. Ba za ta cutar da kayan da muke adanawa ba?

Za ta iya, in aka yi sakaci, shi ya sa ku ne masu faɗin inda za a kafa ta. Ruwa da yumɓu da fenti ba sa shiga ɗakin da kayan asali suke. Baranda ko inuwar harabar ta wadatar. Ƙurar alli ma haka. Sabon filawud da gam da fenti suna fitar da tururin da ke cin tagulla da dalma da tsohuwar takarda a hankali, musamman a rufaffen wuri, don haka a bar sabuwar rumfa ta sha iska makonni kafin ta kusanci zauren nuni, kuma kar a taɓa jingina ta da akwatin gilashi.

Abin da yara za su riƙe kwafi ne, wanda maginin tukwane ko maƙeri ya yi, a kuma rubuta a jikinsa cewa kwafi ne. Kar wata makaranta ta sayi abin da aka ce mata na asali ne daga hannun dillali. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi ba da izini ba, kuma irin wannan cinikin ne ya sa aka yi ta haƙe wuraren Nok ana fitar da kayansu waje.

Damina da hunturu fa?

Da damina katako na kumbura, da hunturu ya bushe ya tsage. A bar ɗan sarari a mahaɗa, a shafe gefuna da banish, a ajiye a kan bulo nesa da bango saboda gara da laima. Yadi a cire a wanke. Kwali kuwa kar a sa ran zai ƙetare watan Agusta.

Nawa za a kashe?

Ba zan faɗi adadi ba, don farashin katako na wannan watan ba shi ne na watan gobe ba. Lissafin dai mai sauƙi ne: filawud uku na ba da falle 12, sun ishi aji guda. A ƙara siririn katako, fata ko yadin haɗi, fenti, da ladan kafinta da tela. Kuɗin da mutane ke mantawa shi ne na bayan nan, wato alli, yadi, yumɓu, kuɗin mota, da ɗan abin da za a ba mai kula da yaran. Rumfar da ba a ware mata wannan ba, wata uku za ta yi ta koma sito.

Yara masu buƙata ta musamman za su iya shiga?

Dole ne, kuma nan rumfa ta fi ginin siminti, tunda matsar da ita ake yi. A bar hanya mai faɗin santimita 90 aƙalla don keken guragu, da fili mai mita ɗaya da rabi inda zai juya. Wasu fallayen a kwantar da su a kan benci don mai zama ya kai. Ga makafi muna manna igiya da yashi da ƙyalle a kan layukan zane don yatsa ya bi, kuma mun lura masu gani ma wannan fallen suke rububi. Ga kurame, a nuna aikin da hannu kafin a yi dogon bayani, a kuma nemi mai fassara daga makarantarsu.

In an gama, ina ake kai aikin yaran?

Wannan ya dame mu da farko, domin share allon da yaro ya ɓata awa guda a kansa a gaban idonsa ba daɗi. Yanzu muna gaya musu tun farko wane ne zai zauna, wane ne za a goge. Na alli a ɗauki hotonsa da waya. Na yadi a kwance a ba makarantar ta rataye. Na yumɓu kowa ya tafi da nasa gida. In za a ɗauki hoton fuskar yaro, sai da yardar iyayensa. Burina, kuma wannan ra'ayina ne, gidajen tarihinmu su ware bango ɗaya da za a riƙa rataye irin wannan aikin ko na wata guda ne, da sunan ajin da ya yi shi. Yaron da aikinsa ke rataye a wuri zai ja uwarsa da ubansa su zo gani.

Muna so mu gwada. Daga ina za mu fara?

Ku fara da kwali. Ku tara manya guda shida, ku yanka su girma ɗaya, ku haɗa da tsirin yadi da gam, ku ba aji ɗaya su yi wasa da su mako biyu. A nan za ku gane tsayin da ya dace da yaranku da irin aikin da suke so, kafin ku kashe ko sisi a kan katako. Sannan ku je gidan tarihin da kanku, ku nemi mai kula da sashen ilimi, ku zagaya tare, ku zaɓi abu uku kacal da yara za su tsaya a kansu. Ku rubuta takardar neman izini da wuri, ku faɗi yawan yara da kayan da za ku shigo da su.

Ranar ziyara ku raba ajin gida uku: wasu na kallo a ciki, wasu na aiki a rumfa, wasu na haɗa nasu ɓangaren, bayan minti 30 a juya. Kowane rukuni da babba ɗaya. In kuna neman ranar da za ku sa a gaba, 18 ga Mayu ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, tun 1977 ake yin ta. Lokacin ruwa ya fara sauka a Kaduna, don haka ku nemi baranda mai rufi, ku kuma taho da tamfol.